Wasiƙa ga Edita: Kafin iyaye su biya kuɗin gem ɗin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, su ji labarin Farfesa Gathercole

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Don Allah ku ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai, wato tallan nan na gem da manhajojin waya da ake cewa wai suna ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, ka riƙa biyan kuɗi duk wata yaro yana danne-danne na 'yan mintoci kullum shi ke nan sai ya zama haziƙi a lissafi da karatu. Ni malamar firamare ce kuma iyaye suna yawan tambayata a kai, shi ya sa na ga gara in kawo labarin wata mata da ta shafe shekaru da shekaru tana bin diddigin wannan tambayar, don maganarta ta fi ta mai talla nauyi nesa ba kusa ba.

Sunanta Susan Gathercole, farfesa ce a ilimin halayyar ɗan Adam a Ingila, ta koyar a jami'o'in Lancaster da Bristol da Durham da York, daga baya a 2011 ta zama shugabar cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da ke Cambridge ta MRC, wato hukumar binciken lafiya ta Birtaniya. Abin da ta riƙe tun farkon aikinta shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wato ɗan wajen nan da mutum ke riƙe abu a ka na 'yan daƙiƙu yana aiki da shi a lokaci guda. Ka ce za ka haɗa 27 da 48 ba biro ba takarda, ka haɗa 7 da 8 ka samu 15, ka ajiye 5 ka riƙe 1, sannan ka koma kan 2 da 4 kana kaffa-kaffa kar wancan ɗayan ya ɓace maka, to idan wani ya kira sunanka a daidai lokacin sai komai ya watse, kuma ba ya dawowa sai dai ka sake daga farko. Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fito da fasalin yadda abin yake aiki a 1974, kuma wajen ƙarami ne sosai fa, George Miller ya ce abubuwa kusan 7 yake ɗauka a 1956, Nelson Cowan kuma ya zo a 2001 ya ce idan an hana mutum dabarar maimaitawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni to bai wuce kamar 4 ba.

Ita Gathercole yara ta sa a gaba. A wani aiki da suka fitar ita da Baddeley a 1989, sun riƙa faɗa wa yara 'yan shekara 4 wasu kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana ana cewa su maimaita, sai aka ga yaran da suka fi iya maimaitawa su ne bayan shekara guda suka fi sanin kalmomi na gaske. Abin yana da ma'ana idan ka duba, ai duk sabuwar kalma kafin yaro ya san ma'anarta sauti ce kawai, dole sai ya iya riƙe sautin a kansa tukuna.

Amma inda aikinta ya fi taɓa ni shi ne lokacin da ita da Tracy Alloway suka shiga ajujuwa suna kallon yara da idonsu. Sun ce a aji mai yara 30 'yan shekara 7 zuwa 8, za ka iya samun kamar uku da ƙwaƙwalwar aikinsu daidai take da ta ɗan shekara 4, wasu ukun kuma daidai da ta ɗan shekara 11, dukkansu a aji ɗaya gaban malami ɗaya ana ba su umarni iri ɗaya. Kuma abin tausayin, malamai ba kasafai suke cewa yaron nan matsalar riƙe abu gare shi ba, cewa suke ba ya mai da hankali, ba ya ji, hankalinsa na wani waje. Wallahi Edita duk malamin da ya karanta wannan sai fuskar wani yaro ta faɗo masa. Ka ce da aji ku rufe littafin karatu, ku ɗauko na lissafi, ku buɗe shafi na 12, ku yi tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar, sai ka ga yaron ya rufe littafin ya ɗauko na lissafin ya tsaya nan, yana leƙen na kusa da shi, hannunsa a kan bangon littafin bai buɗe ba. Ko yana kwafar jimla daga allo, ya ɗaga kai ya sunkuya, kafin ya gama rubuta kalma ta uku ya manta inda ya tsaya, sai ya tsallake biyu ko ya rubuta ɗaya sau biyu. Ba taurin kai ba ne, umarnin ne ya fi ƙarfin abin da zai iya riƙewa. A 2008 suka fitar da littafi musamman don malamai a kan wannan.

To daga nan tambaya ta zo da kanta, tunda wajen ƙarami ne, ba za a iya faɗaɗa shi da atisaye ba? A ƙasar Suwidin, Torkel Klingberg na cibiyar Karolinska ya fitar da sakamako a 2005 cewa yara masu larurar rashin natsuwa sun samu ci gaba bayan atisaye a kwamfuta, shirin da ake kira Cogmed, ana yinsa kamar sati 5, kuma duk sanda yaro ya ci sai gem ɗin ya ƙara wuya. A 2008 kuma Susanne Jaeggi da abokan aikinta suka ce wani atisayen da mutum ke bin murabba'i a allon kwamfuta yana kuma sauraron haruffa a kunne lokaci guda yana ƙara basirar warware sabuwar matsala. Duniya ta ɗauka, kamfanoni suka yi ca. Ita ma Gathercole da Joni Holmes da Darren Dunning sun gwada a 2009 kuma sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa, yara sun inganta har an ga alamar ci gaba a lissafi bayan wata 6.

A nan ne nake ganin girman matar nan. Da wani ne da ya tsaya a wannan sakamakon mai daɗi ya yi ta yawo da shi, amma su sai suka koma suka sake gwajin da tsauri, aka raba yara ta hanyar ƙuri'a, wasu suka yi atisayen mai ƙara wuya, wasu suka yi mai sauƙi wanda ba ya ƙaruwa, wasu ba su yi komai ba, don a tabbatar ba zumuɗin zama gaban kwamfuta ne ke kawo canjin ba. Sakamakon ya fito a 2013, yaran sun ƙware a gwaje-gwajen riƙe abu masu kama da abin da suka yi atisaye a kai, amma karatu da lissafi da irin ayyukan aji na yau da kullum ba su motsa ba. Suka rubuta hakan ƙarara suka buga. A 2019 kuma suka fito da bayanin dalili, cewa abin da atisayen ke yi shi ne koya wa mutum sabuwar dabara ta yin wannan aikin takamaimai, ba wai wajen ne ya ƙara faɗi ba, shi ya sa ribar ba ta bin yaro zuwa wani aikin da bai yi kama da shi ba.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne ma. Tun 1980 Anders Ericsson da William Chase suka ba da labarin wani ɗalibi a jami'ar Carnegie Mellon a Amurka wanda ya yi atisayen riƙe lambobi sama da awa 200, ya tashi daga lamba 7 ya kai kusan 80, shi ɗan tsere ne sai yake mayar da lambobin lokutan gudu a kansa, amma da aka ba shi haruffa maimakon lambobi sai ya dawo kusan 6 kamar kowa. A 2010 Adrian Owen tare da BBC suka gwada mutum 11,430 ta intanet na sati 6, kowa ya ƙware a gem ɗin da ya buga, amma ba a ga ribar ta tsallaka zuwa ayyukan da ba a yi atisayensu ba. Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka tattara bincike 23 a 2013 suka isa wuri ɗaya. A Janairun 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin da ke sayar da gem ɗin ƙwaƙwalwa na Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda iƙirarin da ya yi a talla ba tare da isasshiyar hujja ba.

Don adalci dai, ba duk masana ne bakinsu ya zo ɗaya ba, a 2014 ma kusan masana 70 sun sa hannu a takarda suna cewa hujja ba ta kai ba, wasu sama da 100 suka mayar da martani da tasu takardar, kuma har yanzu akwai masu binciken ko wasu mutane na amfana fiye da wasu. Wannan bincike ne mai kyau a ci gaba da shi. Amma tsakanin "muna kan dubawa" da "biya yanzu ɗanka ya zama na ɗaya a aji" akwai tafiya mai nisa, kuma mai talla na biyun yake faɗa wa uwar da hankalinta ya tashi don ɗanta ya kasa karatu, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Shawarar da Gathercole ta ba malamai kuwa ba ta buƙatar ko waya, a rage wa yaro kayan da yake riƙewa a ka. Ka ba da umarni ɗaya ko biyu ka jira a yi kafin ka ƙara, ka sa yaron ya maimaita maka abin da ka ce, ka rubuta matakan a allo su zauna a wurin, ka bar shi ya yi amfani da jadawalin lissafi ko katin kalmomi a kan teburinsa, kuma ka nuna masa ba abin kunya ba ne ya ɗaga hannu ya ce malama na manta a sake faɗa. Ko wannan ɗin ma ba su ce sihiri ba ne, da suka gwada shi a makarantu sakamakon da ya fito a 2010 bai nuna makin yaran ya zarce na sauran ba. Ni dai abin da nake gani a aji shi ne yaron yana samun gama aikin ranar maimakon ya zauna da shafi fari, kuma ana daina kiransa malalaci, ba a kuma karɓi ko sisin iyayensa ba. Lokacin da zai ɓata a gem ɗin kuma gara a zauna da shi a kan karatun kansa ko lissafin kansa, tunda abin da aka yi atisaye a kai shi ne ke inganta.

Roƙona gare ku Edita, duk ranar da aka kawo muku irin wannan tallan ko wani ya zo shafinku na ilimi yana yabon wata manhaja, ku sa wakilinku ya tambaye shi da wa aka gwada yaran da suka yi amfani da ita, shin an raba su ta ƙuri'a ne, kuma makin karatu da lissafi ne ya tashi ko makin gem ɗin kawai, sannan ku buga mana amsar da ya bayar yadda take.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare mai bibiyar jaridarku