Wasiƙa daga Manchester kan 'yan bishiyoyina da shigowar sanyi

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, kuma an kammala girbi cikin albarka. Ƙorafinka kan shiruna ya iso ni ta bakin Hajiya. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau shi ne 'yan bishiyoyin nan da na aiko maka hotonsu da damina, domin sanyi ya kama, kuma wannan ne karon farko da zan ratsa da su cikinsa.

Ka tambaye ni a lokacin ko wani iri ne na musamman da ba ya girma. Ba haka ba ne, bonsai ake kiran irinsu. Bonsai hikimar raino ce da Japanawa suka ɗauko daga Sin suka ƙware a kanta: itace ne kamar kowane itace, sai dai ana tsare shi a ƙaramin kasko, ana rage masa saiwa da rassa, ana lanƙwasa shi da waya har ya ɗauki kamannin tsohuwar bishiya. Waɗanda asalinsu ƙasar sanyi ne a waje suke kwana har ƙanƙara ta wuce, domin jikinsu na buƙatar wannan hutun. Nawa kuwa 'yan ƙasar zafi ne, ɗaya ɗan'uwan cediya da durumi da ake kira Ficus microcarpa, ɗaya kuma kukar da na shuka daga iri a watan Mayu, kuma dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kashe su. Shi ya sa tun ƙarshen Satumba, da awon zafi ya fara sauka kusa da digiri 10 da daddare, na shigo da su ɗaki.

Da na shigo da su sai na gane cewa duhu ya fi sanyin zama barazana. Hunturunmu na gida sanyi ne mai bushewa, kuma ko da hazo rana tana nan, a Kano yini ba ya kasa awa 11 ko a Disamba. A nan kuwa yinin ƙarshen Disamba wajen awa 7 da rabi ne, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, sauran kuma gajimare ne da yayyafi. Cediyar, bari in kira ta haka, ta fara zubar da ganye tun makon farko, wasu ma kore shar suke faɗowa. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya kwantar mini da hankali, ya ce ɗabi'arta ce idan haske ya canza mata, kuma mafi munin abin da sabon shiga ke yi shi ne ya ga ganye na zuba ya ƙara ruwa da taki, alhali itacen da ya rage ganye ya rage sha, sai saiwar ta ruɓe. Yanzu tana bakin tagar da ke kallon kudu, da fitilar LED a samanta da ke kunnuwa da kanta awa 12 a kullum, ba na kuma ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Da dare ina janye ta daga jikin gilashi kafin a sauke labule, domin tsakanin labule da gilashi sanyi ke taruwa, haka kuma na nisanta ta daga hita mai ɗumama ɗaki, wadda ke busar da iskar ɗaki. Wannan busasshiyar iska ce ke jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa siririn zare a bayan ganye. Ana gane su ta hanyar tara farar takarda a ƙarƙashin reshe a girgiza shi, sai ka ga ɗigo-ɗigo na motsi. Maganin da aka ba ni shawara a kai zai faranta maka rai: a wanke ganyen da ruwa, a fesa man darbejiya, wanda ake sayar da shi a nan cikin 'yar kwalba da tsada.

Amma kukar ce ta fi tsaya mini a rai. Ganyenta na fari guda-guda ne, ba mai yatsu biyar da muka sani ba, kuma a ƙarƙashin ƙasa ta yi saiwa mai kauri kamar ƙaramin rogo, inda take ajiye ruwa. Cikin Oktoba ganyen ya yi ɗorawa ya kakkaɓe gaba ɗaya, yanzu sanda ce tsaye a kasko. Abin da ake yi mata kishiyar na cediya ne: a bar ta a wuri mai ɗumi da bai sauka ƙasa da digiri 12 zuwa 15 ba, a ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya har sai ta nuna toho da kanta, domin sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa idan suka haɗu su ne ajalinta. Na yarda da wannan, tunda na ga yadda kukokin garinmu ke tsayawa tsirara duk rani, sai dai hana ruwa ga abin da ka raina da hannunka yana da wuya ƙwarai. Nakan ɗan matsa gindinta da yatsa, muddin yana da tauri na san tana raye.

A nan nake neman taimakonka, tunda kai ne mai ido a gona. Ka lura mini da ƙananan kukokin da ke bayan gonar Baba, ka gaya mini watan da suke fara toho, da kuma ko suna jiran ruwan fari ne ko suna riga shi, domin in san lokacin da zan fara ba tawa ruwa. Fitar da 'yan bishiyoyina waje dai sai ƙarshen Mayu in Allah ya kai mu, a fara da inuwa kafin rana.

Ka gaishe mini da Inna da amarya da yara duka. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Abokinka