A Koya wa Malamai Yanka Labari Cikin Hotuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da hukumomin ilimin firamare da 'yan'uwana malamai.

Ni malamar aji biyu ce a Jihar Bauchi, ɗalibaina sun haura tamanin. Idan suka haɗa baki suna rera ba, be, bi, bo, bu, sai ka rantse sun iya karatu. Ware ɗaya ka nuna masa kalma a tsakiyar shafi, sai ya yi tsuru-tsuru. Hadda ce kawai.

Ga dabarar da take yi mini aiki. Nakan yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har ƙurunƙus, sannan in ja akwatuna shida a allo. Su za su faɗi abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, ni kuma in zana. A ƙarƙashin kowane akwati mu rubuta jimla guda gajeriya: "Gizo ya ɗauki tulu." Washegari in kawo jimlolin a yankakken kwali, a hargitse, kowane rukuni ya ɗora jimla a gindin hotonta. Nan mai hadda yake tonuwa, domin jerin da ya saba ya rushe, dole ya kalli harafi. Daga baya in goge hotunan, rubutu ya tsaya shi kaɗai. Kada a tsallake wannan mataki, don akwai masu wayon da hoton suke karantawa. Akwatin ƙarshe kuwa wani lokaci a buɗe nake barinsa, kowa ya rubuta yadda yake so labarin ya ƙare. A hannunsu Gizo ya sha duka ba kaɗan ba.

Ban iya zane ba, kuma wasu iyaye ba sa son a zana mai rai. Tulu, rijiya, kwarya da sawun ƙafa sun ishe ni ba da labari.

Na san akwai manhajojin wannan aiki, irin su Storyboard That, amma suna cin data, ga biyan kuɗi. Bloom kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ko babu intanet, shafin African Storybook kuma yana da labaran Hausa masu hotuna. To wace wuta za mu kunna su da ita? Littattafan Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka sun taimaka, sai dai littafi yakan yage.

Roƙona shi ne a sa wannan dabara cikin bitar malamai da kwasa-kwasan kwalejojin ilimi, a kuma riƙa ba makarantu kwali, almakashi da alli mai launi kowane zango. Duk kayan karatun da za a buga, a tabbatar ɓ, ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu.

Wassalam.

Malamar aji biyu,
Misau, Jihar Bauchi