A Gano Inda Wi-Fi Ke Yankewa Kafin A Zargi Kamfani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan matsalar da ke damun gidajen da kwamfutoci da yawa ke amfani da Wi-Fi guda, wato yankewar intanet jifa-jifa, ya tafi ya dawo ba tare da an taɓa komai ba. Da zarar hakan ta faru, akan ɗora laifin a kan kamfanin da ke ba da intanet, ko a garzaya sayen sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, alhali ba a tantance inda yankewar take ba.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ko kwamfuta ɗaya ce ke yankewa, ko kuwa dukansu ne a lokaci guda. Idan dukansu ne, sai a jona ɗaya da rauta ta kebul a zuba ido. In ita ma ta yanke, to matsalar tana ga rautar ko layin kamfanin, kuma a nan ne kiransu yake da amfani. In kuwa ta tsaya daram sauran na ci gaba da yankewa, to a nemi dalilin a siginar da ke tafiya ta iska.

Zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan mitar da siginar Wi-Fi ke bi, wanda na'urori da dama ke hawa, cunkushe yake. Tashoshinsa suna shiga juna kamar yadda gidajen rediyo biyu masu kusancin mita ke danne muryar juna, kuma 1 da 6 da 11 ne aka saba zaɓa domin ba sa haɗuwa. Rautar maƙwabta tana wannan zango, Bluetooth yana nan, na'urar maikirowef ma a kusa da 2.45 GHz take aiki, shi ya sa a wani gidan, intanet ke ɗaukewa duk sanda aka kunna ta. Maganin shi ne a shiga shafin rautar, wanda galibi ake samu idan aka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, a sauya tasha, sannan a mayar da kwamfutocin da ke kusa kan zangon 5 GHz, ko da yake shi ba ya ratsa bango sosai. A kuma fito da rautar fili, a ɗora ta a sama, domin ɓoye ta a cikin kabad yana rage sigina, yana kuma sa ta ɗaukar zafi.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi shafar gida mai kwamfutoci da yawa, shi ne cin karon lambar IP, wato adireshin da ake gane kowace na'ura da shi. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambarta ta tsarin rabo na kai tsaye da ake kira DHCP. Idan wani ya rubuta wa kwamfutarsa lamba da hannu, rautar na iya miƙa wannan lambar ga wata, daga nan sai su biyun su riƙa ture juna, wannan ta samu waccan ta rasa. Haka kuma idan aka ƙara rauta ta biyu domin sigina ya kai ɗakunan nesa, aka bar ta tana raba lambobi ita ma, rikici ya samu. Sai a kashe DHCP a ta biyun, a bar guda ɗaya tana rabon. Wani lokacin kuma ba yankewa ba ce sam, kwamfuta ɗaya ce ke tura manyan fayiloli ta cinye layin, sauran suka tsaya cak alhali alamar Wi-Fi tana nuna a haɗe suke.

Idan kwamfuta ɗaya ce tak ke yankewa, musamman ta tafi-da-gidanka a kan batir, to a duba tsarin tattalin wuta, domin Windows na iya kashe katin Wi-Fi don ya rage cin batir. Ana hana shi yin haka a Device Manager, wato sashen kula da na'urori na Windows, a kuma sabunta manhajar katin. Duk gyaran da za a yi, a yi shi ɗaya bayan ɗaya, a dakata a ga sakamakonsa kafin a taɓa na gaba.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum