Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Mai Bautar Ƙasa a Fatakwal

Daga Bauchi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mutanen gida duk lafiya lau, kuma Hajiya ta ce in gaishe ka da kyau.

Na karanta saƙonka, inda ka ce saura wata 3 ka kammala bautar ƙasa, kuma ka aika takardun neman aiki wurare da dama amma babu wanda ya kira ka. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin ni shaida ne kan wahalar da ka sha a jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) kafin ka samu digirinka na injiniyan lantarki. Shi ya sa na zauna na rubuto maka abin da na gani da idona.

A watan jiya an sa ni cikin waɗanda suka tantance masu neman gurbi ɗaya tak, na mai kula da lissafin kaya, a kamfanin takin zamani da nake wa aiki. Takardun da suka zo sun cika kwali biyu. Da muka fara karantawa, sai muka tarar kusan dukkansu magana ɗaya suke yi, kowa mai ƙwazo ne, kowa mai gaskiya da riƙon amana, da alama a shagon kwamfuta ɗaya aka buga musu. Wani ma ya manta bai goge sunan kamfanin da ya fara nema ba daga saman wasiƙarsa. Ba na zargin su, domin ni ma haka aka koya mini, amma mai karatu yana gajiya tun kafin ya kai takarda ta ashirin.

Can tsakiyar kwalin muka ci karo da wasiƙar wani matashi wadda ba ta cika shafi ɗaya ba. Bai yabi kansa ko sau ɗaya ba. Ya ce yana taimaka wa kawunsa a rumfar hatsi a kasuwar Muda Lawal, kuma ya kwashe lissafin da ke cikin littafin rumfar ya mayar da shi kan Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, ta haka suka gano inda buhuna suke salwanta tsakanin sito da rumfa. Ranar ganawa ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi, ya buɗe mana lissafin, ya bi da mu layi-layi ba tare da ya daburce ba. Akwai waɗanda sakamakon digirinsu ya fi nasa nesa ba kusa ba, amma shi muka ɗauka, kuma babu wanda ya yi gardama a cikinmu.

Na ba ka wannan labari ne saboda kai ma kana da irin abin da yaron nan ya nuna, sai dai ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Kai ka faɗa mini cewa ka gyara solar makarantar da kake koyarwa bayan ta daɗe a mace, ka gano batiran da suka lalace, ka sake jan wayoyin. Wannan ya kamata ya zama farkon takardarka, tare da ƙarfin na'urar, da matsalar da ka tarar, da kwanakin da aikin ya ɗauke ka. Ka ɗauki hotuna kafin ka baro garin, kuma ka roƙi shugaban makarantar ya rubuta maka shaida da sa hannunsa da hatimi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu shaguna da yawa a nan, daga Wunti har Yelwa, suna ajiye janareto suna komawa sola, saboda haka hannun da ya iya wannan aiki yana da daraja yanzu.

Haka nan, kada ka aika wasiƙa ɗaya ga kowa. Idan kamfanin siminti na Ashaka da ke Funakaye za ka nema, ka fara sanin irin injinan da masana'antar siminti ke aiki da su, sannan ka rubuta abin da ya dace da buƙatarsu. Ka kuma yi rajista da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, ka riƙa halartar tarukanta.

Ba zan ɓoye maka ba, sanayya tana aiki a ƙasar nan, kuma wani lokaci tana danne cancanta. Amma wanda zai tsaya maka yana buƙatar abin da zai nuna idan an tambaye shi. Ka nemi izinin malaminka kafin ka sa sunansa a matsayin mai ba da shaida, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi domin a ba ka takardar ɗaukar aiki, ka guje shi.

Ka sake rubuta takardar ka turo mini ta WhatsApp kafin Juma'a, tare da hotunan solar, zan duba ta in kira ka ranar Asabar bayan La'asar. Allah Ya sa ka kammala lafiya, Ya buɗa maka ƙofar alheri.

Wassalam,
Naka amini.