Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Na Gama Zanen Kilin Nan

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta same ni tun wata huɗu da suka wuce, kuma na san shirun da na yi ya isa ya sa ka fara tunanin ko wani abu ne ya faru. Lafiya lau nake. Abin da ya riƙe ni shi ne na ƙudurta a raina ba zan ba ka amsa ba sai ina da labarin da ya kai a ba ka, ga shi kuwa yau na samu: na gama zanen kilin nan, wato farin dokin nan. Shekaranjiya da hantsi na ɗora masa buroshi na ƙarshe, na ja da baya har sai da na jingina da bango, na dube shi, kuma a karo na farko cikin shekara biyu na ga doki tsaye a kan ƙyalle, nauyinsa a kan ƙafafunsa, haƙarƙarinsa kamar zai motsa da numfashi.

Ka tuna na farkon da na nuna maka, wanda ka ce kamar an yanko shi ne daga farar takarda an manna a kan ciyawa. Maganar ta yi mini zafi a lokacin, amma gaskiya ka faɗa, kuma sai da na daɗe kafin na gano inda matsalar take. Na ɗauka cewa tun da farin doki ne, to farin fenti ne maganinsa, saboda haka na riƙa matso fari kai tsaye ina shafawa, inda kuma na ga inuwa sai in gauraya masa baƙi. Abin da ya fito dabba ce mai launin toka, ba jini a jikinta. Da na gaji, sai na ajiye buroshi na tsawon mako uku, ina zuwa kowace safiya in zauna a gefen dokin ina kallonsa kawai. A nan ne idona ya buɗe. Gadon bayansa, inda yake fuskantar sama, shuɗi-shuɗi ne, domin launin sararin sama yake ɗauka. Ƙarƙashin cikinsa kuwa akwai ruwan ƙasa mai ɗumi, har da ɗan kore idan yana tsaye a kan ciyawa, saboda hasken da ya bugi ƙasa yana dawowa ya haska shi daga ƙasa. Kewayen hancinsa da idanunsa duhu ne sosai, domin fatar kili baƙa ce a ƙarƙashin gashin, kuma da duhun launi ake haihuwarsa, sai ya riƙa washewa yayin da shekaru suke tafiya. Fari tsantsa a wuri uku kaɗai na gan shi: a saman kafaɗa, da kan kuturi, da ɗan ɗigon nan da ke cikin ƙwayar ido. A zanen da na gama, idan aka tattara duk inda na sa fari ba gauraye, ba zai rufe tafin hannuna ba, amma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ce farin doki ne.

Baƙin fenti kuwa na cire shi daga farantin haɗa launi gaba ɗaya. Yanzu shuɗin nan mai zurfi nake haɗawa da ruwan ƙasa mai duhu, in ƙara fari kaɗan-kaɗan, sai in sami ruwan toka mai rai wanda zan iya karkata shi yadda nake so. Idan na ƙara shuɗi sai ya yi sanyi, ya dace da inuwar geza, idan kuma na ƙara ruwan ƙasa sai ya yi ɗumi, ya dace da tsakanin cinyoyi. Ka gwada wannan a inuwar bishiyoyinka, domin na lura har yanzu kana dulmiya su cikin baƙi.

Matsala ta biyu ita ce dabba ba ta san ana zana ta ba. Kafin in daidaita layin wuya, ya sunkuya yana cin ciyawa, kafin in kama ƙafar baya, ya sauya wadda ya ɗora wa nauyi. A nan ne fentin akirilik, irin da ake tsinkawa da ruwa mai saurin bushewa, wanda na daɗe ina yi wa kallon raini, ya cece ni. Na yanka ƙananan alluna, na tsinka launi ɗaya da ruwa, na riƙa ba kaina minti 10 a kan kowanne, ba gyara, ba komawa. Na yi sama da guda 40, kuma yawancinsu ba su da kyan gani, amma hannuna ya haddace dokin. Da na ji ƙafata ta fara sanyi da yawan zuwa, sai in tuna Rosa Bonheur, matar nan ta Faransa da ta shafe shekara ɗaya da rabi tana zuwa kasuwar dawaki ta Faris sau biyu a mako, sanye da kayan maza don kada a dame ta, kafin ta gama babban zanenta na kasuwar a 1855, zanen da faɗinsa ya kai mita 5. George Stubbs na Ingila ma ya fi ta nisa, domin shi feɗe matattun dawaki ya riƙa yi na kusan wata 18, yana zana tsoka da jijiya da ƙashi daki-daki, har ya wallafa aikin a 1766. Ni ban feɗe komai ba, amma na koyi abu ɗaya da ya gyara mini ƙafafun dabbobi duka. Gaɓar nan ta ƙafar baya da ke lanƙwashe ta baya, wadda muke ɗauka gwiwa ce, daidai take da diddigen mutum, gwiwar ta gaskiya tana can sama kusa da ciki. Doki a kan ɗan yatsa guda yake tafiya, kofato kuma farcensa ne. Tun ranar da na fahimci haka, ƙafafun da nake zanawa suka daina zama kamar sanduna.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka, ko ka bar akirilik ka koma fentin mai. Amsata ita ce kada ka bar ko ɗaya, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Akirilik ruwan cikinsa ne yake tashi ya bar launin a cikin wata siririyar fata kamar roba, shi ya sa shafe mara kauri yake bushewa cikin minti 15 zuwa 30. Shi ya sa kuma yake yaudarar ido, domin abin da ke riƙe launin fari-fari ne kamar madara idan yana ɗanye, sai ya koma garau idan ya bushe, launin ya ƙara duhu. Sararin samaniyar da ka haɗa ka ga ya yi daidai, bayan rabin sa'a sai ka tarar ya yi nauyi. Fentin mai kuwa ba tashi yake yi ba, man linsid ɗin da ke cikinsa, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro, shi ne yake shan iska a hankali har ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki, kuma kowane launi da nasa saurin. Ruwan ƙasa mai duhu yakan kama cikin kwana ɗaya ko biyu, fari kuwa yakan kai mako yana danƙo. Wannan jinkirin da kake ƙi, kai da ba ka iya jiran tafasar ruwa, shi ne dukiyar fentin mai, domin shi ya ba ni damar narkar da shuɗin bayan dokin cikin ɗumin cikinsa ba tare da an ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Akirilik ɗin da ake tsinkawa da ruwa sai a tsakiyar shekarun 1950 ya shiga hannun masu zane, alhali zanen mai da Jan van Eyck ya yi a 1434 yana nan rataye a Landan da launinsa, saboda haka idan ana maganar wanda aka ga ƙarkonsa, mai ne a gaba.

Yadda na yi a wannan karon shi ne na shimfiɗa siffar dokin da duhu da haske da akirilik, ya bushe, sannan na hau kansa da mai. Amma ka kiyaye, hanyar ba ta komawa baya. A gwaji na biyu, wanda ban taɓa ba ka labarinsa ba saboda takaici, na ga kunnen dokin bai yi mini ba, ga fentin man ya yi kamar ya bushe, sai gaggawa ta sa na gyara da akirilik a kansa. Bayan 'yan makonni na sa farce a gefen kunnen, sai ya taso gaba ɗaya kamar saɓar maciji. Mai yana kama jikin akirilik, amma akirilik ba ya kama jikin mai. Ko a tsakanin shafe-shafen man kansu akwai ƙa'ida: na ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, wanda aka tsinka da tafentin, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fentin mai da shi, na sama kuma ya fi shi mai, domin idan na sama ya riga na ƙasa bushewa, na ƙasan zai ci gaba da motsi ya tsattsaga shi. Malaminmu ya faɗa mana wannan tun muna riƙe buroshi kamar tsintsiya, sai dai kunne ya ji, hannu bai ji ba.

Af, na ziyarce shi a watan jiya. Hannunsa ya fara rawa, har ba ya iya jan siririn layi, amma bai daina aiki ba. Ya koma amfani da wuƙar haɗa fenti, yana ɗora launi da kauri, kuma garken shanun da ya nuna mini a bakin ruwa ya fi duk abin da ya yi a shekarun da hannunsa ke da ƙarfi. Ya tambaye ni kai har sau biyu. Ka rubuta masa.

Abin da ya fi ba ni wahala a ƙarshe shi ne haske. Hasken safiyar da nake so ba ya wuce minti 40, daga nan rana ta ɗaga, inuwa ta gajarce, shuɗin bayan dokin ya ɓace. Na sha yin kuskuren bin rana, ina gyara inuwa duk lokacin da ta matsa, har zanen ya zama ba safiya ba, ba tsakar rana ba. Daga baya na ɗauki dabarar Claude Monet, wanda tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin damman hatsi na gonar maƙwabcinsa har sau 25, yana sauya ƙyalle duk lokacin da haske ya sauya. Ni ƙyalle ɗaya gare ni, saboda haka da lokacina ya cika sai in naɗe kaya in tafi, gobe in dawo daidai wannan lokacin. Ina yawan tunanin cewa fita waje da fentin mai ba ta zama abu mai sauƙi ba sai bayan 1841, lokacin da wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanson ƙarfen nan da muke matsawa, domin kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, a huda ta idan za a yi aiki.

Hoton zanenka na matar da ke shanya tufafi ya iso tare da wasiƙar, kuma ban yarda da abin da ka ce ba, wai irin wannan ba abin zanawa ba ne, ka yi shi ne don motsa hannu. Shi ne mafi kyan abin da ka yi. Yadda iska ta cika farin zanen gadon nan, da yadda hasken ya ratsa shi ya faɗo a kan fuskarta, sun sa na daɗe ina kallo. Johannes Vermeer na Holan mace ya zana tana zuba madara daga tulu a kusurwar ɗaki, ba sarki ba, ba yaƙi ba, kuma ya kashe mata shuɗin da ake niƙawa daga dutse mai daraja na Afganistan, launin da ya fi kowanne tsada a zamaninsa. Sai dai ba zan ƙyale ka ba a kan abu ɗaya: ka ɓoye hannayenta biyu a bayan tufafin. Na san ka, kuma na san ba iska ce ta ɓoye su ba. Duk labarin aikin da take yi yana cikin yatsun nan da ke matse ƙyalle a kan igiya. Ka zauna ka zana hannunka na hagu sau 30 da akirilik, minti 10 kowanne, kamar yadda na yi da dokin, sannan ka koma mata.

Idan ka fara aiki da mai, don Allah kada ka tara tsummokaran da ka goge man linsid da su a dunƙule cikin kwando, domin yayin da man yake shan iska zafi yake fitarwa, kuma tsumma a dunƙule yana iya kama wuta shi kaɗai. Ka baza su su bushe a sarari, ko ka jiƙa su cikin gwangwani mai murfi. Ka kuma bar taga a buɗe idan kana amfani da tafentin.

Yanzu damuwata ita ce mai dokin ya ga zanen, kuma yana so ya ɗauka tun yanzu. Na yi masa bayani cewa ko da saman ya bushe, cikin fentin bai gama kamawa ba, ba a shafa masa banish, wato ruwan ƙyallin da ke kare fenti, sai bayan wata 6 aƙalla, inda yake da kauri ma har shekara. Ya amince da baki, amma na ga alamar zai dawo kafin lokacin. Ni kuma, in faɗa maka gaskiya, ina murna da wannan jiran, domin kofaton gaba na hagu yana ɗan damuna, kamar bai nutse cikin ciyawar yadda ya kamata ba, kuma ina so idonka ya gan shi kafin ya bar hannuna. Na sa hotonsa a cikin wannan wasiƙa, ɗaya na dukan zanen, ɗaya na ƙafar daga kusa. Ka duba ka faɗa mini abin da ka gani ba tare da sassauci ba, kamar yadda ka yi a kan na farko.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da ƙanenka, wanda na ji ya fara zanen tsuntsaye. Ka ce masa ya aiko mini da guda ɗaya.

Naka har kullum,
Amininka