Dokin da ya cinye ƙuli-ƙulinka

Salamu alaikum mutumina, Sarkin Dawaki na kanka,

Ya gida, ya Hajiya da jiki, ya su amarya? Na san ka yi fushi, wata huɗu shiru, to ka ajiye sandar tukuna, akwai maganar da nake son tambayarka a kan filin nan amma bari in fara ba ka labari don tun ranar Lahadi yake cina.

Ƙuli-ƙulin da ka aiko min ta hannun yaron Alhaji, wanda nake ta lallaɓawa ina ɓoye wa yara, doki ya cinye shi. Wallahi doki. Ka daina dariya ka ji.

Maman yara ce ta matsa wai kullum muna ƙunshe a birnin Baltimore nan Amurka kamar kajin gidan gona, sai da muka kama wurin kwana biyu a Assateague, wani tsibiri ne siriri dogo, mil 37, ya kwanta a bakin tekun Atlantika, wani ɓangare a jihar Maryland wani a jihar Virginia. Wajen awa uku muka yi a mota, muka bi ta gadar Chesapeake, wadda ta wuce mil 4 a kan ruwa, ni dai salati kawai nake ban kalli gefe ba. Can gaba kuma wata ƙaramar gada ta tsallakar da mu cikin gandun na gwamnatin jiha. Ba ɗaki ba komai, fili ne a kan yashi za a nuna maka da teburi da wurin hura wuta, kai ka kafa tantinka, teku na bayan tudun rairayi tana ta ruri dare da rana.

Tantin ma sai da ya kunyata ni. Turakun da suka zo da shi gajeru ne, yashi ba ya riƙe su, iska ta zo ta ɗauke shi gaba ɗaya ina bin sa da gudu da jallabiya, sai wani dattijon Bature maƙwabcinmu ya ara min dogaye. Ka tuna rumfar da muka kafa ranar sunan ɗan Yaya? To haka.

Dawakin wurin ba su da ubangida fa, ba linzami ba ragama ba dabaibayi, yawo suke garke-garke, ingarma da goɗiyoyinsa da duƙushi a baya. Gajeru ne, ga tumbi, kai da ka gani cewa za ka yi tsutsar ciki ce ka nemo kanwa. Ashe ciyawar fadamar da suke ci gishiri gare ta, sai su riƙa shan ruwa ninki biyu na dokin gida. Kuma doka ce kada ka matso su ƙasa da ƙafa 40, kada ka taɓa kada ka ba su abinci, in ka yi tara ce.

Da asuba na yi alwala na fita, alƙibla ta nan kusan teku take kallo, rana na ɓullowa daga cikin ruwa ja wur, ban taɓa ganin irinta ba. Ina cikin lazimi sai na ji ƙurus ƙurus a bayana. Na waiwaya, wani danda ne ya tura kular da hanci ya buɗe, ya gama da burodi ya sa kai cikin ledar ƙuli. Ni da na tashi a bargar Baffa, na sha harbi na sha cizo, ga ni tsaye nesa ina tafa hannu ina cewa kai, kai, ko kunne bai kaɗa ba. Auta kuwa murna take tana cewa Baba ka ba shi dabino ma. Laifina ne, an faɗa mana a sa abinci cikin mota ko akwatin da ke ƙarƙashin teburin, na ce wane doki ne zai iya buɗe kula.

Sauro da bobuwa kuwa ba a magana, da iska ta kwanta sai su taso daga fadamar, ƙafata har yanzu duk tabo. Na Kwanar Dawaki almajirai ne.

Af, wai da gaske ne Ɗan Liti zai ƙara ta uku? Da wane kuɗin? Ka ce masa dubu ashirin ɗina na nan ban yafe ba.

Dattijon nan ya ce a ɓangaren Virginia duk ƙarshen Yuli ana koro dawakin su yi iyo su tsallaka zuwa tsibirin Chincoteague da ke kusa a yi gwanjon 'ya'yan. Nan take na tuna ka, na ce da mutumina na nan sai ya sayar da babur ɗinsa. Na ɗauki hoton ɓarawon, zan tura maka ta WhatsApp ka faɗa min ko danda ne da gaske, don maman yara ta ce ban san komai a kan doki ba sai cika baki.

In yaron Alhaji zai dawo a sake ƙullo min, mai yaji sosai wannan karon. Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan tafe bayan babbar sallah in Allah ya yarda.

Naka,
Dogo