Wasiƙa daga Liyon: wuraren da nake so ka gani idan ka zo

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da su Baba da Inna, da sauran abokan arziki. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa a nan Liyon za a yi taron da za ku halarta a Faransa, har ma za ka sami 'yan kwanaki bayan an tashi kafin ka koma gida. Ka tambaye ni wuraren da ya kamata baƙo ya ziyarta. Zan ba ka amsa, amma ba zan jera maka duk abin da ke cikin takardun masu yawon buɗe ido ba, domin wanda ya ce sai ya taka ko'ina zai koma gida ne da ciwon ƙafa da tarin hotuna a waya, alhali bai fahimci garin ba. Tun da kai malamin tarihi ne, zan zaɓar maka wuraren da za su ba ka abin faɗa wa ɗalibanka.

Ka fara riƙe shimfiɗar garin a ka, sauran duk zai zo maka da sauƙi. Koguna biyu ne suka ratsa shi, Rhône da Saône, suka haɗu a kudancinsa, kuma tuddai biyu ne suke kallon juna a samansa. Mutanen nan sukan ce Fourvière shi ne tudun da ke addu'a, Croix-Rousse kuwa tudun da ke aiki. Yawancin baƙi na farkon suke hawa su ɗauki hoto su sauko, ni kuwa a ganina na biyun ne ya fi cancantar yininka guda.

Duk da haka da Fourvière za ka fara, domin a can aka kafa garin. Akwai wani ɗan jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe wanda zai ɗauke ka daga tsohon gari zuwa ƙolin tudun cikin 'yan mintuna. A shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam wani hafsan Rumawa, Munatius Plancus, ya kafa birnin da suka kira Lugdunum, wanda daga baya ya zama babban birninsu a ƙasar Gaul, wato yankin da Faransa take a yau. Filin wasan kwaikwayon da suka gina a gefen tudun yana nan har yau da matakalansa na dutse, ana cewa yakan ɗauki mutum wajen 10,000, kuma har yanzu ana yin kiɗe-kiɗe a cikinsa da bazara. A jikinsa akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1975, wanda aka tona cikin tudun ta yadda da wuya ka lura da shi daga waje. Idan ka shiga, ka nemi wani babban allon tagulla da aka tsinta a 1528. Jawabin da Sarki Claudius ya yi a majalisar dattawan Rum a shekara ta 48 ne aka zana a kansa, inda yake neman a bar manyan mutanen Gaul, waɗanda aka ci da yaƙi, su zauna a majalisar. Shi kansa sarkin a wannan gari aka haife shi. Na san za ka daɗe a gaban allon nan, domin tambayar ko wanda aka mallaka zai iya zama ɗan ƙasa cikakke ita ce Faransa ta sake fuskanta game da mutanenmu bayan kusan shekara dubu biyu.

Babbar majami'ar da ke ƙolin tudun, wadda ake hangowa daga ko'ina, ba ta kai tsufan da baƙo ke zato ba. An fara gina ta a 1872, don cika alkawarin da Kiristocin garin suka ɗauka lokacin yaƙin 1870 cewa za su gina ta idan sojojin Farusiya, wato Jamusawa, ba su iso Liyon ba. Cikinta ado ne har ya yi yawa, zinariya da duwatsu masu launi a kowace kusurwa, kuma ɗaya daga cikin manyan hotunan bangon yana nuna yaƙin ruwa na Lepanto na 1571 tsakanin jiragen Kiristocin Turai da na Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ana barin kowa ya shiga matuƙar ya kiyaye nutsuwar wurin. Ko ba ka shiga ba, ka tsaya a farfajiyar, domin daga nan ne za ka ga garin gaba ɗaya, kuma ran da sama ta washe har dutsen Mont Blanc ake hangowa.

Ka sauko da ƙafa zuwa tsohon gari, wanda yake cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1998. A nan za ka haɗu da abin da suke kira traboules. Ka tuna yadda a cikin birni a gida mutum kan shiga ta zauren wani gida, ya ratsa tsakar gida, ya ɓulla a wani lungu dabam? Haka suke, sai dai su an yi su ne da gangan don masu wucewa. Za ka ga ƙofa kamar ta gidan mutane, ka tura, ka bi wata siririyar hanya, sai ga tsakar gida da matakala mai murɗewa ta ƙarni na 15 ko na 16, sannan ka fita a titin baya. Akwai ɗaruruwansu a garin, amma kaɗan ne aka buɗe wa jama'a, kuma da yake mutane na zaune a gidajen, ana roƙon masu wucewa su rage murya. A majami'ar Saint-Jean da ke wannan unguwa akwai wani agogo na ƙarni na 14 mai nuna tafiyar rana da wata, ka leƙa shi ka wuce.

Yanzu na zo ga Croix-Rousse. Arzikin Liyon na da a kan alharini ya tsaya. A 1536 Sarki François na ɗaya ya ba da izini da sassaucin haraji ga masu son kafa masaƙun alharini a garin, sana'ar ta yi ta bunƙasa har ta zama ita ce abincin dubban gidaje. A farkon ƙarni na 19 wani ɗan garin, Joseph-Marie Jacquard, ya inganta wata na'ura da ake ɗora wa masaƙa. Kwalaye ne masu huji-huji da aka ɗinke a jere suke ratsa na'urar, inda akwai huji zaren ya ɗaga, inda babu ya zauna, ta haka masaƙi guda yake fitar da zane mai wuyar gaske wanda a da sai da yara masu jan igiya a gefensa. Masu ilimin kwamfuta suna lissafa waɗannan kwalaye cikin tushen sana'arsu. Da yake masaƙar da na'urar a kanta tana da tsawo sosai, sai aka gina wa masaƙan sababbin benaye a kan wannan tudu, masu rufi mai tsayin kusan mita 4 da manyan tagogi don haske. Idan kana tafiya a unguwar ka ɗaga kai ka dubi tagogin, za ka gane cewa sana'a ce ta tsara gidajen, kuma a ɗaki guda iyali suke saƙa, suke ci, suke kwana a ɗan benen katako da aka rataya a sama.

Masaƙan, waɗanda ake kira canuts, su ke da masaƙa da gumi, amma 'yan kasuwa ne suke ba da zare, su karɓi yadi, su yanke lada yadda suka ga dama. A watan Oktoba na 1831 aka daidaita a kan mafi ƙarancin lada a gaban gwamnan yankin, sai da yawa daga cikin 'yan kasuwar suka ƙi biya. Ranar 21 ga Nuwamba masaƙan suka gangaro daga tudun da baƙar tuta mai ɗauke da rubutun cewa ko su rayu suna aiki ko su mutu suna faɗa, suka kori sojoji, garin ya koma hannunsu na 'yan kwanaki, har sai da gwamnati ta aiko da runduna ta mutum 20,000 a farkon Disamba. Sun sake tashi a watan Afrilu na 1834, aka murƙushe su da zubar da jini mai yawa. Wannan tawaye yana cikin na farko-farko da ma'aikata suka yi a Turai a zamanin injuna, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda garin bai ɓoye shi ba. A gidan da ake kira Maison des Canuts za a kunna maka tsohuwar masaƙa ka ji ƙararta ka ga yadda zanen yake fitowa. Ka ratsa ta Cour des Voraces ka ga matakalarta mai hawa shida, ka bi hanyoyin da masaƙa suke bi da yadi a kafaɗa zuwa shagunan 'yan kasuwa a gindin tudun don kada ruwan sama ya taɓa shi. Akwai kuma wani katafaren bango da aka yi wa zanen rayuwar unguwar a 1987, wanda ido kan ɗauka matakala ce da gidaje na gaske.

Tsakanin kogunan biyu akwai gidan zane-zane a dandalin Terreaux, cikin wani tsohon gidan mata masu ibada, da maɓuɓɓugar ruwa mai dawakai huɗu ta Bartholdi, wanda shi ne ya ƙera mutum-mutumin 'yanci na New York, sai dandalin Bellecour mai mutum-mutumin Sarki Louis na 14 a kan doki. Ka gan su idan hanya ta bi da kai. Gidan tarihi na Confluences, wanda aka buɗe a Disamba 2014 daidai inda kogunan suka haɗu, gini ne na ƙarfe da gilashi da ya ci kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta, kuma ni siffarsa ba ta burge ni ba, amma a ciki akwai ƙasusuwan wata giwa mai gashi ta zamanin ƙanƙara da aka tono a cikin Liyon a 1859. Idan kuma kana son ganin inda harkar silima ta faro, sai ka tafi unguwar Monplaisir, inda 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka ɗauki hoton ma'aikata suna fitowa daga masana'antar gidansu a 1895. Gidan mahaifinsu ne aka mayar gidan tarihi.

Wurare biyu da suka rage ba na nishaɗi ba ne. Na farko gidan tarihi ne da ke kan titin Berthelot, a ginin da 'yan sandan asirin Jamus suka mayar hedikwatarsu a yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin Klaus Barbie. A wajen garin, a Caluire, suka kama Jean Moulin, jagoran 'yan gwagwarmayar Faransa, ranar 21 ga Yuni 1943, suka azabtar da shi har ya mutu a hannunsu. An dawo da Barbie daga Boliviya a 1983, aka yi masa shari'a a nan Liyon a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma za ka iya kallon sassan shari'ar a cikin gidan.

Na biyun ba ya cikin yawancin takardun masu yawon buɗe ido, kuma shi ne nake so in kai ka da kaina. A arewacin Liyon akwai wani ƙauye mai suna Chasselay. A ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, lokacin da sojojin Faransa suke ta ja da baya, aka bar wata runduna ta sojojin Afirka ta tare wa Jamusawa hanyar shiga garin. Ana kiran su sojojin Sanagal, amma sunan ya haɗa duk waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya, sai Jamusawa suka ware baƙaƙe daga Turawa, suka kora su cikin wani fili, suka buɗe musu wuta daga tankokin yaƙi. Wani jami'in kula da tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, shi ya tattara gawarwakin, ya gina musu maƙabarta da ganuwa mai launin jar ƙasa da hasumiyoyi masu tsinke-tsinke irin ginin Sahel, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba 1942, Jamusawa suna ƙasar. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne suke kwance a can, da yawansu an rubuta a kabarinsu cewa ba a san sunansu ba. Duk shekara ana taruwa a wurin don tunawa da su, amma sauran ranaku da wuya ka tarar da kowa. Za mu je mu yi musu addu'a.

Sauran bayani kaɗan ne. Idan ta Faris za ka shigo, jirgin ƙasa mai sauri zai kawo ka cikin kusan awa biyu. Gidajen tarihi da yawa suna rufewa ranar Litinin, gidan zane-zane kuwa ranar Talata, don haka ka aiko mini da ranakun da za ka kasance babu aiki in tsara mana. Ka taho da takalmi mai daɗin tafiya da rigar sanyi mai kauri, domin tudun nan biyu matakala ne zalla, iskar kogi kuma ba ta da sauƙi. A gidajen abincin gargajiya na garin naman alade ya yi yawa, amma a unguwar Guillotière akwai na halal da dama, kuma idan Juma'a ta same ka a nan za mu je babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1994. Idan Allah ya sa zamanka ya kai 8 ga Disamba, za ka ga bikin fitilu da ya samo asali tun 1852, lokacin da mutane suka jera kyandir a tagoginsu, sai dai cunkoson jama'a a kwanakin yana da yawa ƙwarai, kuma masauki yakan yi tsada, gara ka kama ɗaki tun yanzu.

Ka gaishe mini da su Baba da Inna da kyau, da uwargida da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka amini,
daga Liyon